Tambaya da Amsa: Murjanin tankina yana ta lalacewa, ina mafita?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a filin masu kiwon kifi da murjani, wato halittar nan mai rai ta cikin teku, a tankin ruwan gishiri a gida. Saƙonnin wannan karon kusan duk kuka ɗaya ne, murjani yana lafiya lau sai kawai ya fara ja da baya. Na zaɓo guda shida, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri ya duba amsoshin nan da kyau, da wuya ya rasa tasa matsalar a ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Tankina lita 300 ne, ya haura shekara da haɗawa kuma komai na tafiya daidai, sai kwanan nan naga murjanina mai ƙashi da rassa, Acropora, guda biyu sun fara fari daga gindi, farin yana hawa sama a hankali, ɗayan murjanin mai ƙashi, Montipora, ma launinta ya dushe. Hankalina ya tashi na canza rabin ruwan, na ƙara hasken fitila, na sa sabon gawayin tace ruwa, na zuba maganin ƙara alkaliniti (yawan kabonet da ke cikin ruwan), amma abin sai gaba yake yi. Gishiri 1.025, zafi digiri 26, kalsiyam 430, alkaliniti satin da ya wuce 6.5 ne yau kuma 10.5. Dan Allah a taimaka min. Daga wani ɗan'uwa mai bibiyar filin.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai ka ajiye kwalaben nan gefe guda, kar ka sake zuba ko ɗigo a tankin nan yau. Amsar tambayarka tana cikin lambobin da ka turo da kanka, alkaliniti daga 6.5 zuwa 10.5 cikin sati ɗaya tsalle ne babba, kuma Acropora ta fi jure lamba mara kyau da ta tsaya wuri ɗaya akan lamba mai kyau da aka kai ta da gudu. Abin da masu harkar suka saba bi shine kar canjin alkaliniti ya wuce 1 dKH a rana (dKH shine ma'aunin alkaliniti), ni ma rabin hakan na fi so in gani.

Amma bari mu fara da farin da kake gani, don fari iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Da daddare bayan fitila ta mutu ka ɗauki tocila ka matso da fuskarka jikin gilashin ka kalli wurin sosai. In kaga har yanzu akwai wata fata siririya a kan ƙashin, kuma 'yan bakunan nan masu gashi-gashi suna leƙowa daga ramukansu duk da ba launi a jikinsu, to murjanin na da rai, ƙananan halittun gansakuka ne da ke zaune cikin namansa, waɗanda ake kira zuzantele, ya kora waje. Su ne ke haɗa masa yawancin abincinsa daga haske kuma su ke ba shi wani ɓangare na launinsa, in sun dawo zai farfaɗo. In kuwa wurin ya yi fari fat, kaushi-kaushi, ramukan wayam ba komai, akwai layi sarai tsakanin mai nama da mara nama, bayan 'yan kwanaki kuma wurin ya fara yin kore-kore ko ruwan ƙasa, to naman ne ya zube, wannan wurin ya mutu ba ya dawowa. Yadda ka kwatanta, daga gindi yana hawa a hankali, na biyun ne, wanda 'yan harkar ke cewa STN. Mai saurin nasa, RTN, yana iya cinye reshe gaba ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ga yadda nake ganin abin ya faro. Murjaninka sun girma cikin shekarar nan, cin su ya ƙaru, kai kuma kana nan kan tsohon lissafi. Murjani mai ƙashi yana gina ƙashinsa ne da kalsiyam da kabonet, kuma duk sanda ya ci kalsiyam kimanin 20 ppm (wato kashi 20 cikin miliyan), alkaliniti yana sauka kusan 2.8 dKH. Kaga ke nan kalsiyam zai iya nuna maka 430 ka ɗauka lafiya ƙalau, alhali alkaliniti ya riga ya zurare ƙasa. Saukar ce ta fara taɓa su, sannan gyaran gaggawa ya zo ya ƙarasa. Ga kuma haske da ka ƙara ga sabon gawayi, shi gawayin nan yana cire ɗan rawaya-rawayan da ke cikin ruwa, ruwan ya yi garau, hasken da ke isa jikin murjanin ya ƙaru ko da ba ka taɓa fitilar ba, balle kuma ka taɓa ta. Dushewar Montipora ɗinka daga nan take a ganina.

Abin yi yanzu, ka mayar da fitila yadda take da, ko ma ɗan ƙasa da haka. Ka bar alkaliniti ya sauko da kansa zuwa tsakanin 8 da 9, kana gwadawa kullum a lokaci ɗaya kana rubutawa a littafi, bambancin jiya da yau shine abin da tankin ke ci a rana, shi zaka riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan ba a zuba ɗaya ba. Bekin soda tsantsa da aka narkar a ruwa mai tsafta yana yin wannan aikin, amma fa soda, kar ka kuskura ka ɗauko bekin fauda. Ka gwada magnesiyam tunda ba ka faɗe shi ba, ana son sa wajen 1250 zuwa 1350 ppm, in ya yi ƙasa sosai kalsiyam da alkaliniti ba sa zama, sai kaga farin ƙanzo yana kama hita da famfuna. Sannan 1.025 ɗin nan da me ka auna? In da ma'aunin roba mai allura ne kar ka sakankance da shi, kumfa ɗaya ta maƙale a allurar ta isa ta canza maka lamba. Ka samu rifraktomita, na'urar auna gishirin ruwa da haske, ka saita shi da ruwan gwaji na 35 ppt, wato gishiri kashi 35 cikin dubu.

Su kuma Acropora biyun, ka ɗauki filaya mai kaifi ka yanke rassan da ke da lafiya, ka yanka can sama da layin mutuwar kamar santimita ɗaya cikin nama mai kyau, ka manna su a ƙaramin dutse da sufa gulu mai kauri ka ajiye inda ruwa ke kaɗawa sosai. Na san yanka abin da ka raina da hannunka akwai ciwo, amma in ka tsaya jira layin nan hawa zai ci gaba da yi har ƙarshen reshen.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na sayo murjanin Euphyllia mai kai huɗu, irin mai dogayen yatsun nan, kwana uku da kawo ta sai kai ɗaya ya ƙi buɗewa, yau da safe naga wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi ya lulluɓe shi. Datti ne ko cuta? Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: 'Yar'uwa cuta ce, kuma wannan ita ce matsala ɗaya a filin yau da zan ce ki tashi yanzun nan kar ki bari ta kwana. Yauƙin nan ruɓaɓɓen nama ne haɗe da ƙwayoyin cuta, yana iya gama kai ɗaya cikin kwana guda ya tsallaka na kusa da shi, in ruwa ya kwashe shi kuma ya sauka kan wata Euphyllia ita ma ta kamu. Ki fara kashe duk injinan kaɗa ruwa don kar ya watsu. Ki sa siririn tiyo ki zuƙe yauƙin zuwa bokiti, kar ki hura shi da sirinji a cikin tankin, mutane da yawa nan suke yin ɓarna. Sai ki ɗaga murjanin a hankali ki saka a roba da ruwan tankin, in kin kawo shi kusa da hanci zaki ji warin ruɓa, wannan ya tabbatar miki. Ki karya ko ki yanke reshen da kan ya mutu ki jefar, sauran ukun ki tsoma su a ruwan aidin da ake sayarwa don murjani, ki bi adadi da mintunan da aka rubuta a kwalbar, ki ɗauraye da ruwan tanki mai tsafta sannan ki mayar. Ruwan robar a zubar, ba ya komawa tanki.

Yawanci rauni ne ke buɗe wa cutar ƙofa. Ƙashin Euphyllia a ƙarƙashin naman yana da kaifi, in an jijjiga ta a leda wajen ɗauko ta, ko an kama ta ta kai, ko an ajiye ta daidai bakin inji ruwa na dukanta kai tsaye, naman sai ya yage a kan ƙashinsa. Ki sa ta inda yatsun ke rangaji a hankali ba inda suke kwanciya gefe ɗaya ba, kuma ki ba ta fili don da daddare takan miƙa wasu dogayen yatsu masu harbi ta ƙone maƙwabta. Ki riƙa duba sauran kawunan safe da yamma har sati ɗaya.

Tambaya: Salam Malam. Sarcophyton ɗina, murjanin nan mai laushi, ya rufe kwana biyar, jikinsa ya yi sheƙi kamar an shafa mai, ko baki ɗaya bai fito ba. Ya mutu ne in cire shi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: A'a ƙanina kar ka cire shi, saɓa yake yi. Wannan nau'in yakan rufe ya yi wata fata mai sheƙi a samansa sannan ya yar da ita tare da dattin da ya taru, yakan ɗauki 'yan kwanaki, wani lokacin ya haura sati. Ka ɗan ƙara masa kaɗawar ruwa, in fatar ta fara ɓarewa ka kwashe ta da raga kar ta faɗa kan wani murjanin. Abin da zai sa ka damu shine in gindin ya yi laushi yana marmashewa ko ya yi baƙi. In kana da masu ƙashi a tanki ɗaya da shi ka riƙa sa gawayi, don irinsa suna sakin sinadarai a ruwa da ke takura wa maƙwabta.

Tambaya: Malam ina gaisuwa. Ni dai tankina tsaf yake, naitiret sifili fosfet sifili (sinadaran da ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci), ina da skima babba mai cire datti ta hanyar kumfa ga maganin cire fosfet na GFO, kifi kuma kaɗan nake ba su abinci don kar ruwa ya ɓaci. Amma murjanin duk sun koɗe ba sa girma, yanzu kuma wani abu ruwan ƙasa mai zare-zare da ƙananan kumfa ya rufe yashi, da safe kamar babu, da rana ya dawo, dodon koɗina ma suna ta mutuwa. Me ya rage ban yi ba? Daga wani magidanci.

Amsa: Alhaji yunwa ce ke damun murjaninka. Sifili da sifili ba abin murna bane a tankin murjani, amoniya ce ake so ta zama sifili, amma naitiret da fosfet su zuzantelen nan na cikin namansa da su suke rayuwa. Na san daga ina tunanin ya samo asali, ruwan teku inda murjani ke tsiro ba ya nuna naitiret da yawa, to amma can ruwan cike yake da ƙananan halittu da murjanin ke kamawa dare da rana, cikin gilashinka babu wannan. Yawancin tankuna sun fi lafiya da naitiret wajen 2 zuwa 10 ppm, fosfet kuma 0.03 zuwa 0.1. Kuma in abinci ya yi ƙaranci haka ga alkaliniti sama, kan rassan Acropora yakan ƙone ya yi fari, ka duba naka ko akwai hakan.

Mai zare-zaren nan da ke ɓacewa da dare ya dawo da rana alamun dainofilajelet ne, wasu ƙananan halittun ruwa masu kama da gansakuka, kuma sun fi samun wuri daidai lokacin da aka ƙwace wa sauran ƙananan halittun tankin abinci. Wasu nau'insu na da guba, shi ya sa dodon koɗin da ke kiwo a kai suke mutuwa. Ka cire GFO ɗin yau, ka ƙara wa kifi abinci a hankali, skima ka rage mata aiki ko ka riƙa kashe ta wasu awanni, ka dakata da canjin ruwa na ɗan lokaci, ka riƙa zuƙe zaren da tiyo da rana lokacin da ya taru, ka sa gawayi saboda gubar. Fitilar UV mai kashe ƙwayoyin ruwa tana aiki sosai kan nau'in da ke tashi cikin ruwa da dare irin su Ostreopsis, amma ba ta cika taɓa masu lafewa cikin yashi ba, don haka in zaka samu wanda zai duba maka ɗigon ruwan a madubin likita kafin ka sayi komai ya fi. Wannan yaƙin na makonni ne, ka sa haƙuri. Kuma kar a wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, fosfet in ya yi yawa murjani yakan rine ya koma ruwan ƙasa, ginin ƙashinsa ma ya ragu.

Tambaya: Malam lokacin zafi ruwan tankina yana kaiwa digiri 30 har 31 da rana, murjani uku sun yi fari amma bakunansu na fitowa. Akwai fata? Daga wata uwa mai sha'awar kiwon.

Amsa: Hajiya akwai fata sosai tunda bakuna na fitowa, rai na nan. Zafi ne ya sa suka kori zuzantelensu, kuma abin da ke faruwa a tankinki shine dai ya faru a teku, a 1998 da 2016 murjani masu ɗimbin yawa sun yi fari a babban yankin murjanin nan na gabar Ostareliya, don ƙarin digiri ɗaya kacal sama da zafin da suka saba in ya daɗe makonni ya isa. Ki nemi tsayar da ruwan tsakanin 25 da 26. Hanya mafi sauƙi ki buɗe murfin tankin ki saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tana iya sauke digiri ɗaya zuwa biyu, in bai isa ba sai injin sanyaya ruwa. Ranar da abu ya ɓaci a sa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ruf tana yawo a ciki, amma a sauke zafin sannu a hankali. Ki duba hitarki ma, takan lalace ta maƙale a kunne.

Sai dai fanka na sa ruwa ya riƙa ƙafewa da sauri, gishiri kuma ba ya bin tururi, yana nan. Don haka cikon da za ki riƙa yi kullum da ruwa mara gishiri ne wanda aka tace da matatar RO/DI mai cire duk abin da ya narke a ruwa, in kika cika da na gishiri lambar hawa za ta yi ta yi. Ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, ki bar saman ruwan yana motsi sosai, ki tanadi ƙaramin injin kumfa mai batir saboda ranar da wuta ta ɗauke. Su masu farin ki rage musu haske ko ki sauke su ƙasa, ki riƙa ba su abincin murjani kaɗan da daddare sau biyu ko uku a sati tunda masu yi musu abincin sun tafi. Launi yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya dawo, farko zaki ga ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, wannan alama ce mai kyau.

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk gwajin da na yi daidai yake fitowa amma komai na tankin ya yi lakwas, jatan lande biyu sun mutu, ƙananan murjanin Zoanthus sun rufe sati biyu. Na yanke shawarar in fito da dutsen da suke kai in wanke da tafasasshen ruwa da buroshi in sake sabon lale. Ya kake gani Malam? Daga wani ɗan'uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa don girman Allah kar ka tafasa dutsen nan kuma kar ka zuba masa ruwan zafi. Wasu daga cikin Zoanthus da 'yan'uwansu Palythoa suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittu, kuma da ido ba ka iya bambance mai ita da mara ita. An sha kwantar da mutane a asibiti, wani lokacin har da iyalan gida, saboda shaƙar tururin irin wannan dutsen ko goge shi a waje. Duk sanda zaka taɓa su ka sa safar hannu da tabarau, kar ka taɓa in akwai ciwo a hannunka, kar ka kai hannu ido ko baki, yara su yi nesa. Wanda ya ji numfashi na yi masa wuya ko zazzaɓi ko ɗanɗanon ƙarfe a baki bayan ya yi aiki da su ya tafi asibiti nan take ya faɗa wa likita abin da ya taɓa.

Game da matsalar kuma, in murjani da jatan lande suka lalace tare alhali kifi na yawonsu, gwaji kuma bai nuna komai ba, hankalina yana tafiya ne kan wani abu da ya shiga ruwan wanda kayan gwajin gida ba sa gani. Ka fito da duk wani abu mai maganaɗisu, na goge gilashi da na riƙe injinan kaɗa ruwa, ka juya su a hannu ka duba ko robar ta tsage ko ta kumbura tsatsa na fitowa. Ka duba ko akwai mahaɗin bututu na tagulla a hanyar ruwan, ko an taɓa zuba maganin kifi mai tagulla a tankin, don ɗan kaɗan ɗinta ya isa ya kashe duk wani mara ƙashin baya kuma duwatsu na riƙe ta. Ka tuna ko an fesa maganin sauro ko turare a ɗakin, ko an sa hannu mai man shafawa ko sabulu a ciki. Ka auna ruwan da matatar RO/DI ke fitarwa da mitar TDS mai auna abin da ya narke a ruwa, sifili ya kamata ta nuna, in ta fara hawa kayan cikin matatar sun gaji. In da hali ka tura samfurin ruwan a yi masa gwajin ICP, shi zai nuna maka ƙarafan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Kafin sakamako ya dawo ka sa sabon gawayi, ka canza kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan sau biyu ko uku da tazarar 'yan kwanaki, sabon ruwan ya zama zafinsa da gishirinsa da alkalinitinsa sun yi daidai da na tankin.

Su Zoanthus ɗin kuma ka leƙa su da tocila can cikin dare, akwai wasu ƙananan tsutsotsi masu tozo-tozo a baya da ke cin su, suna ɗaukar launin abin da suka ci shi ya sa ganinsu ke da wuya, sai ka lura da wani abu yana motsi a kan rufaffen baki, ko ƙananan fararen ƙwai a nannaɗe jikin kara. In ka gansu ka tsoma dutsen a maganin tsoma murjani, da safarka da tabaranka, ka kankare ƙwan a ƙarƙashin ruwa cikin roba don maganin ba ya kashe ƙwai, sannan ka maimaita duk sati har sau uku ko huɗu.